Ƙasa Ba Ta Ba Da Shaida Sai An Kai Ta Ɗakin Gwaji: Daga Koko Zuwa Ogoni

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon domin waɗanda datarsu ba ta kai ta sauraro ba, da masu son karantawa a natse. Yau akwai kimiyya a ciki, amma kada kowa ya gudu, a hankali za mu bi ta.

Bari mu fara da wani gari da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Koko ƙaramin gari ne mai tashar jiragen ruwa a jihar Delta ta yanzu, a lokacin yana cikin tsohuwar jihar Bendel. Tsakanin 1987 da 1988, zamanin mulkin Janar Babangida, jiragen ruwa suka riƙa sauke ganguna a wannan tasha, ana kwasa ana jibgewa a filin wani dattijo da ake biyan shi haya naira 500 a wata. Ganguna dubbai, nauyinsu ya kusa tan 4,000. An shigo da su da sunan kayan aikin gine-gine, alhali sharar masana'antu ce aka kwaso daga Italiya. Asiri bai tonu ba sai a watan Yunin 1988, kuma ku ji waɗanda suka tona shi: ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya, matasa irinmu, su suka ga labarin a jaridun can suka aiko wa jaridun gida.

Da 'yan jarida suka isa wurin, sun tarar rana ta dafa gangunan, wasu sun kumbura, wasu suna yoyo cikin ƙasa. Kowa ya san akwai matsala. Amma mene ne a ciki? Nawa ne ya tsiyaye? Ina ya tsaya? A wannan lokacin Najeriya ba ta da hukumar kula da muhalli ta tarayya, ba ta da dokar da ta yi magana a kan irin wannan shara. Sai da aka gayyato masana daga waje suka ɗebi samfur, sannan aka tabbatar cewa cikin abubuwan da ke wurin akwai wani sinadari da ake kira PCB. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

To, yaya ake yi mutum ya ɗebi ƙasa cikin cokali, ya ce akwai guba kaza a ciki, kuma adadinta kaza? Wannan ilimi ba a dare ɗaya aka same shi ba. Ya ɗauki kusan shekara ɗari, kuma waɗanda suka gina shi yawancinsu ba gubar ƙasa suke nema ba.

Kafin mu shiga tarihin, a gane wani bambanci. Akwai gubar ƙarfe, irin dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ita dalma tana da sauƙin kamawa. Masu aikin da suka je can suna da wata na'ura ta hannu mai kama da bindiga, a ɗora ta a kan ƙasa, cikin ɗan lokaci ta nuna adadin dalmar. Sai kuma gubar da muke magana a kanta yau, wato sinadaran da aka gina a kan kabon: ɗanyen mai da 'ya'yansa, magungunan ƙwari irin su DDT, man cikin tsofaffin taransifoma. Matsalar waɗannan ita ce, ƙasar kanta cike take da kabon. Ruɓaɓɓen ganye kabon ne, taki kabon ne, saiwar ciyawa kabon ce. Ga shi adadin da ake nema ɗan mitsitsi ne. Wani lokaci ana maganar kashi ɗaya cikin biliyan. Don ku gane, ku ɗauki ƙwayar gero guda ku shafa mata shuni, ku jefa ta cikin buhunan gero kusan ɗari, a gauraya, sannan a ce ku nemo ta. Aikin ke nan.

Matakin farko shi ne a raba gubar da ƙasar. Wanda ya ba duniya hanyar yin haka, madara ce ta dame shi. Franz von Soxhlet masanin kimiyyar noma ne a Jamus, kuma a 1879 ya fito da wani kayan gilashi domin auna yawan kitsen da ke cikin madara. Duk wadda ta taɓa ganin yadda ake tace ruwan toka a gida za ta gane shi: a zuba toka a tukunya mai huji, a zuba ruwa a sama, ya riƙa ɗiga a ƙasa ɗauke da abin da ya narkar. Dabarar Soxhlet ita ce, ruwan sinadarin da ya ɗiga yana tafasa ya zama tururi, ya hau sama ya huce, ya sake zubowa a kan samfurin da tsarkinsa, ya bar abin da ya wanko a tukunyar ƙasa. Haka zai yi ta zagayawa shi kaɗai. Har yau ana amfani da wannan kayan a kan ƙasa, ana barin shi yana aiki sa'a 16 zuwa 24. Akwai sababbin hanyoyi masu sauri, masu amfani da zafi da matsi, amma sau da yawa da tsohon nan ake auna su a ga ko sun yi daidai.

An wanko abu, to amma abin da aka wanko kwamacala ne, sinadarai ɗaruruwa a cakuɗe. Sai a rarrabe su. Nan ma wanda ya buɗe ƙofar ba ruwansa da guba. Mikhail Tswett masanin tsirrai ne ɗan Rasha da ke aiki a birnin Waso, yana son sanin launukan da ke cikin ganye. A farkon shekarun 1900 ya cika bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan ganye a sama, ya bi shi da ruwan sinadari. Sai ya ga launukan sun rabu layi-layi, kore daban, ɗorawa daban, domin wasu suna manne wa allin sosai, wasu kuma suna wucewa da sauri. A 1906 ya raɗa wa hanyar suna kiromatogirafi. Mutumin nan ya rasu a 1919 ba tare da an ɗauki aikinsa da muhimmanci ba.

Sai a 1952 wasu Turawan Birtaniya biyu, Archer Martin da Anthony James, suka yi irin wannan rarrabewar da iskar gas a maimakon ruwa. Wannan ita ce uwar na'urar da ake amfani da ita yau. A cikinta akwai wani siririn bututu, tsawonsa yakan kai mita 30 amma raminsa bai kai kaurin allura ba, an naɗe shi kamar gammo an sa a cikin tanda. A cusa ɗigon samfur, zafi ya mai da shi tururi, iskar gas ta tura shi cikin bututun. Ni yadda nake fahimtarsa, kamar ka sako mutum goma daga ƙofa ɗaya ta kasuwar Kurmi ka je ɗaya ƙofar kana jiran su. Baƙon da bai san kowa ba, minti kaɗan ya fito. Ɗan gari mai yawan gaisuwa, kowace rumfa sai ya tsaya, sai can da la'asar. Idan ka san halin kowa, agogo kaɗai ya isa ya gaya maka wa ya fito. Kowane sinadari yana da lokacin fitowarsa.

Saura mai gadin ƙofa, wanda zai ga mai fitowa. A nan ne tarihin ya juya. A 1957 James Lovelock, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken lafiya ɗaya da su Martin a Landan, ya ƙera wata 'yar na'ura da za ta zauna a tafin hannu. A cikinta akwai ɗan abin da ke fitar da ƙwayoyin ilektiron, suna samar da wutar lantarki 'yar kaɗan mai gudana ba yankewa. Sinadaran da ke ɗauke da kulorin suna da kwaɗayin ilektiron, da zarar sun wuce sai su cafke su, wutar ta ragu, alƙalami ya zana tsini a kan takarda. Sauran tarkacen ƙasa kuwa yawanci su wuce ba ta kula su ba. Ikon Allah, mafi yawan magungunan ƙwarin wancan zamani masu kulorin ne.

Kafin wannan, idan ana son auna DDT sai a haɗa shi da wasu sinadarai ya rikiɗe ya zama shuɗi, a kimanta adadin daga duhun launin. Wani lokaci ma ƙwari ake sakawa a kan samfurin a ƙirga nawa suka mutu. Abin da bai kai wannan yawan ba, a hukumance babu shi. Ku tuna kuma a lokacin DDT gwarzo ne, wanda ya gano amfaninsa, Paul Müller, har kyautar Nobel ya samu a 1948. A arewacin Najeriya ma an fesa shi da ɗan'uwansa diyaldirin tun shekarun 1950 wajen yaƙar sauro da ƙudan tsando, kuma gaskiya ya yi aiki. Da Rachel Carson ta fitar da littafinta Silent Spring a 1962 tana cewa waɗannan magunguna ba sa ɓacewa, taruwa suke a jikin halittu, kamfanoni suka yi mata ca. Amma a shekarun da suka biyo baya na'urori irin na Lovelock suka riƙa gano DDT a ƙasar gona, a kitsen mutane, a nonon uwa, har a jikin tsuntsayen yankin ƙanƙara na Antatika inda ba wanda ya taɓa fesa komai.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi burge ni a duk labarin. A 1964 aka ba wani masanin sinadarai a birnin Sitokhom na Suwidin, Sören Jensen, aikin auna DDT a jikin kifi da tsuntsaye da mutane. Yana samun DDT ɗinsa lafiya lau, amma a kan takardar akwai wasu tsinaye fiye da goma da ba su dace da kowane maganin ƙwari da aka sani ba. Wasu masu binciken a wasu ƙasashe ma suna ganin su, suna ɗaukar su a matsayin datti su wuce. Shi ya ƙi wucewa. Na'urar Lovelock tana da rauni ɗaya: za ta ce maka wani ya fito a minti kaza, amma ba za ta faɗi sunansa ba. Jensen ya je gidan adana kayan tarihi ya karɓo gashin gaggafa da aka ajiye tun ƙarni na 19, ya gwada su bi da bi. Tsofaffin babu komai. Daga shekarun 1940 tsinayen suka fara bayyana. Ke nan abin ɗan Adam ne ya ƙera shi. Sai aka tsinci wata gaggafa matacciya da abin ya taru a jikinta da yawa, har ya isa a sa shi a wata na'urar daban, mai auna nauyin ƙwayoyin sinadari.

Ita wannan na'urar farfasa sinadari take yi, ta auna nauyin kowane ɓari. Yadda kowane sinadari yake fashewa daban ne, kamar zanen yatsa. Kulorin ma yana da tambarinsa, domin iri biyu ne, mai nauyin 35 da mai nauyin 37, kusan uku bisa ɗaya, don haka ana iya ƙirga ƙwayoyin kulorin nawa ne a jikin abu. A 1966 Jensen ya samu sunan: PCB. Wani mai ne da ba ya kama wuta da sauƙi, ana zuba shi a taransifoma da fenti da wasu kayan lantarki, kuma tun 1929 ake sayar da shi. Ku lissafa. Shekara 37 ana ƙera abu tan-tan, yana shiga ruwa da ƙasa da jikin mutane, ba a san yana yawo ba don ba wanda ya neme shi. Jensen ya gwada gashin iyalinsa, ya same shi a ciki. Amurka ta hana ƙera shi a 1979. Shekara takwas bayan haka sai ga shi a ganguna a Koko.

Haɗa waɗannan na'urori biyu, mai rarrabewa da mai auna nauyi, shi ne ya zama ginshiƙin aikin har gobe. An fara gwada haɗin tun tsakiyar shekarun 1950 a Amurka, amma sai a shekarun 1970, da kwamfuta ta shigo kuma aka kafa hukumar kare muhalli ta Amurka, sannan ya zama kayan aikin yau da kullum.

Kada ku ɗauka da an samu na'ura magana ta ƙare. A 1971, a jihar Mizuri ta Amurka, wani mai kwasar tsohon baƙin mai ya fesa shi a filin horar da dawakai don kwantar da ƙura. Cikin kwanaki tsuntsaye suka fara faɗowa matattu, dawakai fiye da 40 suka mutu, 'yar mai wurin ta kwanta ciwo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ɗebi ƙasar wurin, amma sai a 1974 ta gano abin da ke ciki. Shekara uku, a Amurka fa. Dalili shi ne ba su san me za su nema ba. Har sai da suka shafa abin da suka tace a kunnen zomaye suka ga yadda ya yi musu, sannan hankalinsu ya kai ga dayoksin, gubar da ke fitowa a matsayin datti wajen haɗa wasu sinadarai masu kulorin. Ashe mutumin ya gauraya mansa da sharar wata masana'anta. Kuma ya fesa irin man nan a titunan wani gari mai suna Times Beach daga 1972 zuwa 1976. Ba a ɗebi ƙasar garin ba sai a ƙarshen 1982, ana gama ɗiba ambaliya ta shanye garin. Sakamako ya fito mutane na shirin komawa gidajensu, aka ce kada su koma. A 1983 gwamnati ta saye garin ɗungurungum, mutum fiye da 2,000 suka tashi, daga baya aka ƙone ƙasa tan 265,000 a wata babbar tanda. Garin babu shi yanzu, wurin shaƙatawa ne.

Mu dawo Koko. Da sunan guba ya fito a takarda, gwamnati ta samu abin riƙewa. Najeriya ta janye jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya a Legas, har Italiya ta yarda ta kwashe kayanta. Leburorin da suka yi lodin, da yawansu ba su da kayan kariya na kirki, an ruwaito wasu sun ƙone, wasu sun yi aman jini. Ɗaya daga cikin jiragen, Karin B, ya yi ta yawo a tekun Turai kowace ƙasa na kora, har da Ingila, kafin ya ƙare a tashar Livorno ta Italiya. A cikin 1988 ɗin aka kafa doka mai lamba 42 da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai guba, da doka mai lamba 58 da ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A duniya kuma aka yi yarjejeniyar Basel a 1989, ƙasashen Afirka suka yi tasu mai tsauri a Bamako a 1991. Daga baya yarjejeniyar Sitokhom ta 2001 ta sa PCB da DDT da dayoksin cikin sinadarai 12 na farko da duniya ta amince a kawar ko a taƙaita.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, rabin aikin gwaji a fili ake yin shi, kafin a je kusa da na'ura. Ƙasa ba kamar ruwan randa ba ce da za ka ɗebi kofi ɗaya ya wakilci sauran. Nan guba, taku biyar gaba babu komai. Sama tsaf, mita biyu ƙasa baƙi ƙirin. Wanda ya zaɓi inda za a haƙa da zurfin da za a tsaya, ya riga ya rubuta rabin sakamakon. Sannan samfurin a kwalbar gilashi ake sa shi, domin roba tana iya shanye gubar ko ta ƙara nata sinadaran. A ajiye shi cikin sanyi kusan digiri 4, in ba haka ba masu saurin tashi irin su benzin su bi iska kafin a isa. Duk hannun da kwalbar ta bi sai an sa hannu a takarda. A ɗakin gwaji kuma akwai dabarun kama kai: a gwada kwalbar da aka san babu komai a ciki, idan ta nuna guba to kayan aikin ne ba su da tsabta. A zuba wani sinadari da aka san adadinsa a cikin ƙasar tun farko, idan ka zuba ɗari ka samu talatin a ƙarshe, ka san gubar da kake nema ma ta zube a hanya. Wanda ya tsallake waɗannan zai iya ba ka takarda mai hatimi da lambobi masu kyau, kuma ba ta da amfanin komai.

Ina tuna lokacin muna jami'a, abokina da ke sashen kimiyyar sinadarai ya kai ni ya nuna min irin wannan na'ura, an lulluɓe ta da leda kamar amarya. An saye ta da kuɗi masu yawa, amma ba gas, ba tsayayyiyar wuta, wanda aka koya wa sarrafa ta ya bar aiki. Shi abokin nawa da zai yi aikin kammala karatu, sai da ya tara kuɗi ya aika samfurinsa wani gari. Wallahi ranar na gane cewa sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin.

Duk wannan ya taru a ƙasar Ogoni, a jihar Ribas. An fara haƙo mai a can tun ƙarshen shekarun 1950. Shekara da shekaru mutanen wurin suna cewa gonakinsu sun mutu, ruwansu na warin mai, ana ce musu ina hujja. Shell ya daina haƙa a yankin a 1993 saboda boren jama'a, amma bututun suka ci gaba da ratsa ƙasar. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas. Sai bayan shekara 16, ranar 4 ga Agustan 2011, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta miƙa wa Shugaba Jonathan rahoton binciken da gwamnati ta nema, wanda Shell da abokan haɗin gwiwarsa suka biya kuɗinsa. Sun duba wurare fiye da 200, sun yi bincike mai zurfi a 69, sun gwada samfur fiye da 4,000 na ƙasa da ruwa da sauransu, kuma ɗakunan gwaji na Turai aka kai su.

Ku ji abin da zurfin haƙa ya tona. Hanyar da kamfanin yake bi wajen gyara wurin da mai ya malala ita ce a kafce saman ƙasa, a juya ta, a bar ƙwayoyin halitta da rana su cinye man. An gina wannan a kan zaton cewa akwai shimfiɗar yumɓu a ƙarƙashi da ke hana man nutsewa. Masu binciken suka haƙa, suka tarar yumɓun ba ko'ina yake ba. A wurare 49 sun samu mai a zurfin aƙalla mita 5. Cikin wurare 15 da takardun kamfanin suka ce an kammala gyarawa, 10 har lokacin gurɓatarsu ta wuce iyakar da kamfanin da gwamnati suka sa wa kansu. A Ejama-Ebubu, man da ya malala fiye da shekara 40 baya yana nan daram. A Nisisioken Ogale kuwa sun tarar da tataccen mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin mutane ke ja, kuma benzin, wanda aka tabbatar yana jawo kansa, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900 a ruwan da suke sha. Mutanen Ogale sun daɗe da sanin ruwansu ba lafiya, hancinsu ya gaya musu. Lambar 900 ce ba su da ita.

Rahoton ya ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya ba da shawarar a fara da dala biliyan ɗaya. Aka kafa hukumar HYPREP domin aikin, aka yi bikin ƙaddamarwa a Bodo a watan Yunin 2016, lokacin Amina Mohammed tana ministar muhalli. Tsarin shi ne ɗan kwangila ya gyara wuri, a ɗebi ƙasa a kai ɗakin gwaji, idan sakamako ya nuna man ya sauka ƙasa da iyaka, a ce wurin ya gyaru, a biya shi. Kun ga ke nan kuɗin ɗan kwangila da lafiyar mai gona duk sun rataya a kan takarda guda. A watan Disamban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da rahoto bisa wasu takardun Majalisar Ɗinkin Duniya da suka fita, inda aka ce an ba da kwangiloli ga kamfanonin da ba su da gogewa a aikin, kuma an riƙa aika samfurin ƙasa zuwa ɗakunan gwajin da ba su ma mallaki na'urorin gwajin da suka ce sun yi ba. Hukumar ta kare kanta, ta ce aiki na tafiya.

A nan za mu dakata. Waɗanda suka karanci kimiyyar sinadarai ko ta ƙasa a cikinku, musamman wanda ya taɓa sarrafa irin wannan na'ura da hannunsa, ina son jin yadda kuka yi da maganar gas da wuta. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.